Daminar da Aka Koya Mini Yin Shiru

Kai mai jar hula, maimaita abin da ka faɗa ɗazu in ji da kunnena. Wai yawo a cikin kiɗa ba shi da wuya, mutum ya rufe ido kawai ya busa abin da ya zo masa? To madalla. Jaki ma abin da ya zo masa yake busawa, amma ban taɓa jin an gayyace shi biki ba. Ku matso kusa, ku jingine wannan piyanon naku mai batir a bango kada wani ya zauna a kansa. Tunda kun zo tambaya sai ku yi haƙuri da tsoho, don ni ba na ba da labari rabi.

Ni Ibro ba da saksofon aka haife ni ba. Gidanmu a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, gidan algaita ne tun kakanni, kuma aikin farko da Baba ya ba ni ba algaita ba ce, ƙwaryar ruwa ce da karan ciyawa mai rami. Zan zauna a zaure, in tsoma karan a ruwa, in yi ta hurawa. Sharaɗin ɗaya ne: kada kumfa ya yanke. Ka cika kumatu da iska, kumatun su riƙa turawa a hankali, hanci kuma yana jawo wata, kamar dai zuga-zugin maƙera. Faɗa da baki sauƙi. Ruwa ya sha hawa mini kai ta hanci, in yi ta tari hawaye na zuba. Baba yana gefe yana feƙe bakin algaita da ƴar wuƙarsa, ko kallona ba ya yi, amma kunnensa yana kan ƙwaryar. Da kumfa ya tsaya, tsumagiya ta sauka a cinyata.

Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ibro, algaita ba ta yanke magana a gaban mai ita." In ka tsaya ka ja numfashi a bainar jama'a, ka zubar da mutuncin gidanku, ka zubar da na wanda kake yi wa busa. Sai a ce wane ya ɗauko ragon mabushi.

Na tuna naɗin wani mai gari a Droum. Muka tarye shi tun daga bakin gari, ni da Baba da masu ganga. Mutumin nan Allah ya yi shi da son gaisuwa. Duk tsohuwar da ta leƙo sai ya tsaya ya tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, har da akuyarta da ta haihu. Mu kuwa muna bayansa, kumatu kamar za su fashe, rana tana dukan ƙeya. Leɓena ya tsage, ina jin ɗanɗanon jini. Na saci kallon Baba, ya harare ni ta gefen algaita. Ban tsaya ba sai da mutumin ya sa ƙafa a zaurensa. Aka ba mu rago da riga, kuma a hanyar dawowa ne Baba ya fara kirana mabushi.

Masu ba mu aiki irin waɗannan ne: masu gari, hakimai, attajiran unguwar Zengo in suna aurar da ƴaƴa ko sun dawo daga Makka. Kowannensu da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda da an busa kowa ya san wa ake nufi. Dole ka haddace su duka, har da na iyayensu. Ka kuskura ka busa wa mutum taken abokin gabarsa, ka ga yadda ake raka mabushi bayan gari.

Sai ga shekarar da hatsi ya ƙi. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Ku da kuke zaton manomi kaɗai fari yake kamawa, ku saurara: makaɗi ne yake fara jin yunwa, shi ne kuma na ƙarshen ƙoshi. Kaka ta zo ba biki. Wanda ya ɗaura aure ya ɗaura shi shiru, da goro da fatiha. Muka taka har Tirmini gidan wani da muka saba yi wa busa, ya fito da kansa ya roƙe mu don Allah kada mu busa takensa, kada maroƙa su ji su taru alhali rumbunsa wayam. Muka juyo da algaita a cikin jaka.

A sanyin shekarar nan tari ya kama Baba a ƙirji. Ya tashi, amma numfashinsa bai koma yadda yake ba. Ya gwada algaita a ɗaki, murya ta yanke masa, ya sake, ta sake yankewa. Ya naɗe ta a tsumma ya rataye a bangon zaure, ya daina taɓa ta. Gida ya dawo kaina, ga matata Hajo da goyo. Kawuna Tanko, wanda yake shugaban leburori a wurin dakon gyaɗa a Kano, ya zo ya zaunar da ni. Ya ce, "Ɗana, busa ba ta cika tukunya yanzu. Da damina mai zuwa ta wuce kamiyo, motar kwasar leburori, zai tashi zuwa Kano, ka shirya kafaɗarka." Na san abin da hakan yake nufi. Wanda ya tafi dako ba ya dawowa busa, kuma bayan ni babu sauran mabushi a gidanmu. Na ce masa to.

Farkon daminar ne, shekara biyu ko uku kafin a sauke tutar Faransa, mai shela ya zaga kasuwa. Wai wani Sarjan Feliks na bariki zai koyar da sabon kiɗa a lekol, wato makarantar boko, tunda yara sun tafi hutun bakansi azuzuwa babu kowa. Duk mai busa, duk mai kiɗa, gwani da ɗan koyo, kowa ya zo. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara kai ni shi ne an ce akwai abincin rana.

Sarjan Feliks baƙi ne kamar mu, mutumin Dahome, gajere mai faɗin ƙirji. Ya yi soja cikin masu busa, yaƙi ya kai shi Faransa, a can ya haɗu da baƙaƙen Amirka suka koya masa kiɗan da ake kira jaz. Hausarsa ta bariki ce, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, amma in ya ɗaga tarompet ba ka bukatar tafinta. Waɗanda suka amsa shelar kuwa, abin dariya. Ga ƴan lekol masu karanta kiɗa a takarda. Ga Musa komi, wato akawu, ma'aikaci a wani sarushi na gwamnati, da kilarinet ɗinsa da ya yi oda daga Dakar. Ga abokina Ɗan Tani mai kalangun mahauta. Ga wani mai goge daga Gouna, ga wani tela da bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba, fito kawai ya iya. Sarjan bai kori kowa ba. Telan ma ya ba shi gwangwani da tsakuwa ya ce ya riƙa girgizawa.

Ranar farko ya gaya mana abin da ke ƙarshen tafiya. In bakansi ya ƙare za mu yi wasa a gaban jama'a, daga nan zai zaɓi mutanen da zai kafa orkes da su, wato ƙungiyar makaɗa masu yi wa ma'aikata bal, rawar dare, kowace Asabar, da albashinsu. Yana da saksofon guda ɗaya da wani soja ya bari da aka canja masa gari. Wanda ya ci, nasa ne. Na kalli akwatin nan baƙi, na tuna kamiyon Kawu Tanko.

Da aka buɗe akwatin, wari ya buge mu. Ƙwari sun cinye fatun da suke toshe ramuka, ka busa iska ta fita ta ko'ina sai inda ake so. Sarjan ya ce sai an aiko da sababbi daga Faransa. Na ce ya ba ni shi zuwa gobe. Na kai wa wani baduku a unguwarmu, ya zaɓo fatar ɗan akuya mai laushi, ya yanka ta ƙanana daidai kowane rami, ya sa auduga a ƙarƙashi, muka manna da ƙaro. Inda waya ta karye muka ɗaure da robar tayar keke. Wuyan da ya yi sako-sako muka naɗe da zare da kakin zuma. Ku da kuke kiran mai gyara in batir ya ƙare, ku sani a zamaninmu wanda bai iya gyaran ƙarfensa ba bai fara sana'a ba. Mu uku ne muke karɓa-karɓa da saksofon ɗin, amma tunda bakinsa kara ne, ni kuma da kara na tashi, na riga sauran biyun samo murya.

Sarjan ya sa mana farantin waƙa a garmaho, ya bayyana mana yadda abin yake. Akwai uwar waƙa, kowa ya busa ta tare. Sai a saki mutum ɗaya ya fita yawo, masu ganga da mai jita suna riƙe masa hanya, ya busa abin da ba a rubuta ba, ya zago ya dawo gida, ya miƙa wa na kusa da shi. Da yake yawancinmu ba mu iya ƙirga kiɗa irin nasu ba, sai ya sauƙaƙa mana. Ya ce na gaba ya zuba wa mai yawo ido: in ya zago ya ja dogon numfashi, to ƙofa ta buɗe, ya shiga.

Na ɗaga hannu na ce, "Sarjan, in na fita yawon, taken wa zan busa?"

Ya ce, "Ba na kowa ba."

Na ce, "Kiɗa ba mai shi? To wa ake yi wa?"

Ɗan Tani ya ce, "Iska ake yi wa, Ibro. Ita ma ai baiwar Allah ce."

Aka yi ta dariya, amma ni da gaske nake. Wannan ita ce wahalar farko, kuma kai mai jar hula ka riƙe ta. In aka ce ka busa abin da ya zo maka, abin da yake zuwa shi ne abin da ka riga ka haddace. Duk inda na sa yatsa sai taken wani alhaji ya fito. Sarjan ya sa ni in ɗauki guntun uwar waƙa, ɗan kaɗan, in juya shi, in fara shi daga baya, in ja shi, in gutsure shi, har sai ya zama nawa. Makonni ina wannan a bayan aji, kaji suna kallona.

Ranar da aka fara sakina yawo a gaban kowa, ruwa aka kwana yi, ajin yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muka busa uwar waƙa, Sarjan ya nuna ni da haɓa. Na shiga. Kai, yara, ranar na ji daɗin duniya! Ƙarfen nan ya buɗe mini, ina hawa ina sauka, abin da ban taɓa busawa ba yana fitowa da kansa, ba taken kowa a ciki. Na rufe ido. Na zago, na sake fita, na zago, na sake fita. Musa komi ne na gaba. Ya ɗaga kilarinet zuwa baki yana jiran in ja numfashi. Ya jira, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Ɗan Tani ya rantse mini wai har hamma Musa ya yi. Mai jita yatsunsa suka yi jawur, telan ya canja hannu ya sake canjawa. Ni kuwa kumatu suna ta aikinsu, a zatona mamakina ake yi. Sai na ji an fizge saksofon daga bakina.

Sarjan ne, ido waje. Ya ce, "Kai ba ka numfashi ne?"

Na ce, "Ina yi mana, Sarjan. Ta hanci."

Ya sa na sake, ya kara bayan hannunsa a hancina, ya ji iska tana shiga murya kuma ba ta yanke ba. Ya yi dariya har ya zauna a kan tebur. Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Na zaga duniya ban ga wanda ya iya wannan ba. Amma ba ni da aiki da shi. Kiɗan nan hira ce, mutumin da ba ya shiru kuwa ba a hira da shi. In ka koyi tsayawa, ƙarfe naka ne. In ba ka koya ba, in ba wanda bai kai ka ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da aka doke ni a kansa tun ina yaro, abin da na zubar da jinin leɓe a kansa, shi ne yau ya zama aibina. Na koma gida na tarar da Hajo tana lugude da wata maƙwabciyarmu, dawar da aka samo daga Najeriya suke dakawa a turmi ɗaya. Na tsuguna kusa ina ta mita ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji daga zaure. Hajo ba ta ko tsaya ba. Ta ce, "Maigida, dubi turmin nan. In na bar taɓaryata a ciki, ta ina tata za ta shiga?" Maƙwabciyar ta kwashe da dariya, ni kuma na tashi na ba su wuri.

Gane magana daban, jiki ya yarda daban. Hali zanen dutse. Ina sane da cewa ga wurin tsayawa ya zo, amma kafin in ankara kumatu sun cika da kansu, hanci ya ja, na wuce. Wallahi har cinyata nake ji tana motsi, tana jiran tsumagiya. Sauran biyun da muke karɓa-karɓa da su ba su da rabin muryata, amma suna tsayawa inda aka ce, don numfashinsu ma ba ya kai su nesa. Ina kallo Sarjan ya fara daɗewa a wurinsu.

Musa komi ne ya cece ni, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai sanyin hali, in yana magana kamar ba ya so. Ya tare ni a ƙofar lekol ya ce, "Malam Ibro, muddin yana bakinka ba za ka tsaya ba. Cire shi gaba ɗaya. Ka sake shi ya rataya a wuyanka." Na ce haba Mushe, haka muke kiran ma'aikata, mabushi ya cire abin busa daga baki a gaban mutane? Ai gara ya tuɓe wando. Ya ce to mu fara inda ba mutane. Kullum in ya tashi daga aiki sai mu haɗu a zauren Ɗan Tani kusa da mahauta. Ɗan Tani ya riƙe mana hanya da kalangu, in busa ɗan kaɗan in cire, Musa ya amsa, in mayar in amsa masa. Da farko ji nake kamar na faɗa rijiya duk sanda na cire. Sannu a hankali na fara jin abin da Musa yake cewa, har ina ɗokin ya gama in ba shi amsa. Kafin gero ya nuna na iya, a zaure da a aji.

Amma Baba bai san wannan ba. Ya san ina zuwa busar Nasara, ya san ina dawowa da sauran shinkafa a kwano, bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Da wane baki zan ce masa ana koya mini yanke magana?

Ranar wasan, bayan la'asar, aka fito da bencuna farfajiyar lekol. Ma'aikata suka zo da matansu, mahauta suka zo don Ɗan Tani, yara suka hau katanga. Kawu Tanko ya riga ya iso gari, kamiyo zai tashi a makon. Ina cikin jiƙa karan saksofon da yawu sai na hango tabarma a gindin tsamiya. Baba ne zaune, sandarsa a gefe, Kawu yana tsaye a kansa. Ashe Kawu ne ya ɗauko shi, wai ya zo ya gani da idonsa irin shiriritar da ɗansa yake yi.

Muka busa uwar waƙa. Sarjan ya yi yawonsa ya dawo, mai goge ya yi nasa, sai ni. Na shiga lafiya. Na zago, ga ƙofar gida, ga Musa ya ɗaga kilarinet. Na ɗaga ido, suka haɗu da na Baba. Shi ke nan, kumatu suka cika, na wuce. Musa ya sauke. Na ga Sarjan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ina busa, zuciyata tana cewa ka tsaya, bakina ya ƙi. Na sake zagowa, ƙofar tana matsowa, na san in na wuce ta wannan karon sai Kano.

Sai Ɗan Tani ya matse kalangu a hammata ya sa shi ya kira sunana, Ibro, Ibro, yadda yake kiran mahauta in suna nawa. Mahautan suka gane, suka fashe da dariya. Na sa hannu biyu na ture ƙarfen nan daga bakina kamar mai ture kwanon da ya yi zafi. Ya faɗo ƙirjina yana lilo. Na buɗe baki na ja numfashi, wanda har na bayan benci sai da suka ji, a gaban ubana.

Wurin ya yi tsit, sai kalangu da jita. Ɗan lokaci ne ƙanƙani, amma ni na ga tsawonsa. Sai Musa ya shiga. Ya ɗauki wutsiyar abin da na bari, daidai inda na yanke, ya juya ta ya ɗaga ta sama. Wata mata a cikin matan ma'aikata ta rangaɗa guɗa. Sarjan ya ɗago kai ya nuna mu biyu, muka shiga musaya irin ta zauren Ɗan Tani, in faɗa in cire, ya faɗa ya cire, jama'a suna tafi. Ban sake kallon tsamiya ba har muka gama.

Da aka watse, Sarjan ya goge saksofon da hankicinsa, ya sa a akwati, ya rufe, ya miƙo mini. Ya ce, "Asabar. Ka zo da farar riga, kuma ka zo da shirunka." Na zauna a kan akwatin. Wani yaro ya kawo ruwa a moɗa na shanye, na ce ya ƙaro. Ban taɓa jin sauƙi irin na yammacin nan ba, ko ranar da Hajo ta sauka lafiya sai dai su yi kunnen doki. Kawu Tanko ya zo ya tsaya yana kallon akwatin. Ya ce, "To. Kamiyo dai ba zai rasa kafaɗa ba." Ya kama hannun Baba suka yi gaba.

Da wannan ƙarfe na ci abinci har haƙorana suka zube. Masu bal ba kamar masu gari ba ne. Komi yana son a tafi a hankali don ya riƙe matarsa, soja yana son a yi sauri don ya nuna ƙafa, wanda ya sha ya ƙoshi kuma yana son waƙar da aka gama yanzu-yanzu. Da aka samu ƴancin kai mu muka yi wa ma'aikatan Damagaram wasa, kara ya ƙare mini ana tsaka da rawa, na feƙe wani daga guntun gora a bayan rumfa na koma. Bayan Sarjan ya koma ƙasarsu ni na riƙe orkes ɗin, kuma duk yaron da ya zo koyo sai ya yi wata guda yana sauraro kafin in bar shi ya yi yawo. Amma ban gama muku da Baba ba.

Ranar wasan da dare na koma gida. Na shiga na gaishe shi, ya amsa da ka. Na kwana ina jiran hukunci. Washegari da hantsi ya aiko a kira ni zaure. Na durƙusa nesa kaɗan, don tsumagiya ba ta san girma ba.

Ya ce, "Jiya numfashinka ne ya ƙare?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Da ka so, da ka kai magariba?"

"Da na kai isha, Baba."

"To me ya tsayar da kai?"

Na ce, "Don Musa ya samu wurin shiga."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Na ga kuma ba wanda ya ce maka rago."

"Ba wanda ya ce."

"A kiɗan nan naku, in mutum ya tsaya, dole ne na kusa da shi ya cike masa?"

Na ce, "Dole ne, Baba. Dokar ke nan."

Ya kalli bango. Sai ya nuna tsumman da yake rataye ya ce, "Sauko mini da ita. Ka ɗauko taka ma."

Na sauko da ita, na kakkaɓe ƙura, ya jiƙa karan a bakinsa. Ya fara taken kakana. Muryar tana nan yadda na san ta, amma ba ta yi nisa ba ƙirji ya ci amanarsa, ta yanke. Kafin ta kai ƙasa na ɗauka da tawa. Na riƙe masa yana haki, ina kallon kafaɗunsa, da na ga ya samu kansa na cire, ya shiga. Ya sake yankewa, na sake ɗauka. Haka muka yi ta yi, hawaye yana bin kumatunsa yana shiga gemu, bai share ba don hannuwansa suna kan algaita.

Ta bayan katanga murya ɗaya ake ji, ba ta yanke ba. Maƙwabta suka fara sallama suna shigowa, wannan ya ce barka, wancan ya ce ashe numfashin tsoho ya dawo, Allah mun gode maka. Baba ya ajiye algaita a cinya, ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara komai a kai ba. Ni ma ban ƙara ba.